Ina Haƙƙin Mai Jira Ya Tsaya?

A ƙarshen watan Yunin 2022, Ron Gilbert, wani Ba'amurke mai ƙirƙirar wasannin kwamfuta, ya rufe wurin sharhi a shafinsa na intanet, ya ce daga ranar ba zai ƙara wallafa komai a kan sabon wasansa, Return to Monkey Island, ba, domin zagin da ake yi masa ya kashe masa daɗin nuna wa mutane abin da yake yi. Masu zagin nan kuwa su ne mutanen da suka shafe shekara 30 suna roƙonsa ya dawo ya ƙarasa musu labarin da ya faro. Ya dawo, ya nuna musu gajeren somin-taɓi, zanen bai yi musu ba, suka far masa. A lokacin ko mutum ɗaya a cikinsu bai buga wasan ba, don sai bayan kusan wata uku ya fito kasuwa.

Abin nan ya tsaya mini a rai tun lokacin, kuma yanzu da matasanmu suka ƙosa a saki GTA VI, sabon kashin wasan Grand Theft Auto, sai na ga lokaci ya yi da za a yi maganarsa. Mai jiran ci gaban wasan da ya taso da shi yana da haƙƙi, ban musa ba. Amma haƙƙin yana da iyaka, kuma mafi yawan hayaniyar da ake yi a wajen iyakar ake yin ta.

Bari in ɗan ba da tarihin, don wasan Gilbert bai yi tashe a wajenmu ba kamar Contra ko Mortal Kombat. The Secret of Monkey Island ya fito a 1990 daga kamfanin Lucasfilm Games, lokacin Gilbert yana da shekara 26, tare da abokan aikinsa Dave Grossman da Tim Schafer. Labarin wani saurayi ne mai suna Guybrush Threepwood da ya ƙudurta sai ya zama ɗan fashin teku. Babu harbi a ciki, babu tseren mota. Yawo kake yi, kana hira da mutane, kana tsintar tarkace kana cusawa a aljihu, kana wasa ƙwaƙwalwa har ka gano wanne zai buɗe maka wace ƙofa. Hatta faɗan takobi da baki ake cin sa: wanda ya fi iya mayar da baƙar magana shi ke kayar da abokin karawarsa. Kashi na biyu ya biyo baya a 1991, ya ƙare da wani irin ƙarshe mai ɗaure kai, inda jarumin ya rikiɗe ya koma ƙaramin yaro a filin wasan yara, aka bar kowa da tambayar ko duk abin da ya faru mafarkin yaro ne. Shekara guda bayan haka Gilbert ya bar kamfanin. An ci gaba da fitar da wasu kashi-kashi a 1997 da 2000 da 2009, ba shi ne ke jan ragamarsu ba. A 2012 Disney ta sayi Lucasfilm a kan kuɗi kimanin dala biliyan 4, ta kuma rufe sashen da ke haɗa wasannin a 2013. Kowa ya fid da rai.

Saboda haka da aka wayi gari a farkon Afrilun 2022 aka ji cewa Gilbert da Grossman sun yi shekara biyu suna aikin Return to Monkey Island a ɓoye, murna ta ɓarke. Murnar ba ta daɗe ba. Wanda aka damƙa wa zanen, Rex Crowle, ya zo da fuskoki masu kusurwa-kusurwa da launuka masu kauri, kamar an yayyanka takarda mai kala an manna. Su kuwa tsofaffin masoya abin da suka sa rai shi ne zanen nan mai ɗigo-ɗigo na kwamfutocin 1990.

A yi musu adalci, suna da abin kamawa. A 2013 Gilbert da kansa ya taɓa rubuta cewa da zai samu damar sake yin wasan, da irin zanen da zai yi shi. Sun riƙe wannan magana gam, suka ɗauke ta alkawari. Ni ban ga alkawari a nan ba. Mutum ne yake faɗin burinsa a lokacin da ba shi da ikon taɓa wasan, bai karɓi sisin kowa a kai ba. Shekara tara suka wuce, a tsakani ya fitar da Thimbleweed Park a 2017, wanda ya yi da wancan tsohon zanen daga farko har ƙarshe, ya kashe ƙishirwarsa. Ashe mai fasaha ba shi da damar sauya tunani cikin shekara tara?

Amsar da Gilbert ya bayar kafin ya yi shiru ita ce ta fi gamsar da ni. Ya ce a 1990 su ba wani salon ɗigo-ɗigo suka zaɓa ba, iyakar ƙarfin na'urar zamanin ke nan, kuma sun tura ta har maƙura. Fitowar farko launi 16 kacal wasan ke nunawa, daga baya aka samu 256. Abin da yaro ya gani a lokacin ya saki baki, sabon abu ne fil da bai taɓa ganin irinsa ba. To wanda ya ce a dawo masa da wancan zanen a 2022, ya nemi a ba shi kamannin abin, alhali abin da ya burge shi tun asali shi ne sabuntar. Biyun ba sa haɗuwa a lokaci guda. Kuma kowane kashi na Monkey Island da zanensa daban ya zo, na 1997 kamar katun aka yi shi, na 2000 kuma da siffofi masu tudu da kwari.

Ba wannan ne karon farko ba. A 2001 kamfanin Nintendo ya nuna sabon kashin wasansa na Zelda, wato The Wind Waker, da zane irin na katun, yaro mai manyan idanu da ƙaton kai. Masoya suka yi ca, suka ce an mayar musu da jarumi abin wasan yara. Yau in ka tambayi masu bin Zelda wanne ne tsufa bai taɓa kyansa ba, shi za su fara kira. Haka Return to Monkey Island ya fito ranar 19 ga Satumba 2022, masu sharhin wasanni suka yaba masa ƙwarai, da yawa daga masu ƙorafi suka ga cewa zanen da ya yi musu bambaraƙwai a hoto yana da rai in yana motsi. Wasu kuma har yau bai yi musu ba, kuma wannan ba laifi ba ne. Ni kaina ina da ƙorafi a kansa: ƙarshen labarin ya zo da gaggawa, an tara abubuwa da yawa aka sauke su cikin 'yan mintuna. Amma wannan magana ce ta wanda ya zauna ya buga har ƙarshe. Wanda ya riga malam masallaci tun a watan Yuni, har ya haɗa da cin mutuncin mai zane, ba sharhi ya yi ba.

Mu Hausawa ai mun san wannan hali a gida. Duk wanda ya taso yana karanta littattafan hikaya na kasuwar Kano ya san zafin kai wa shafin ƙarshe a ce masa a haɗu a littafi na biyu. Yanzu da marubuta, musamman mata, suka koma sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, makaranta sun samu hanyar kaiwa gare su kai tsaye. A kashe wata tauraruwa ko a aurar da ita ga wanda ba a so, sai ka ga saƙonni sun yi ambaliya, har da Allah-ya-isa. Marubuciyar da ta ji tsoro ta bi ra'ayin jama'a, labarinta yakan koma lami, domin kowa ya riga ya san inda za a sauka.

In ana son ganin abin da ke faruwa idan aka bai wa masoya daidai abin da suka roƙa, a dubi Shenmue III. Yu Suzuki na kamfanin Sega a Japan ya fitar da Shenmue a 1999 a kan na'urar Dreamcast, yana cikin wasannin da suka fi cin kuɗi a zamaninsu. Labarin Ryo Hazuki ne, saurayin da aka kashe mahaifinsa a gabansa, ya bazama neman makashin, Lan Di. Kashi na biyu ya fito a 2001, a shekarar da Sega ta daina ƙera na'urorin wasa, labari ya tsaya cak a cikin wani kogo a ƙasar Sin. Masoya suka yi shekara 14 suna kiraye-kiraye. A watan Yunin 2015 Suzuki ya hau dandamalin Sony a baje kolin wasanni na E3 ya ce a yi masa karo-karo a Kickstarter, shafin tara gudummawa a intanet, don ya yi kashi na uku. Cikin ƙasa da awa tara aka haɗa dala miliyan 2, aka rufe da sama da miliyan 6.3 daga mutum kusan 69,000. Akwai bidiyon manyan mutane suna kuka don murna a ranar.

Wasan ya fito a Nuwamban 2019, kuma ya cika umarni. Tafiyar hawainiyar nan ta da, maganganun nan masu sanƙarewa, yin ƙwadago don tara 'yan kuɗi, duk suna nan kamar an ɗauko su daga 2001 an kakkaɓe musu ƙura. Amintattun masoya sun ji daɗi na ɗan lokaci, sauran duniya ta leƙa ta wuce. Abin da ya fi ciwo, bayan jiran shekara 18, labarin bai ƙare ba, Ryo bai ɗauki fansar mahaifinsa ba. Ina girmama Suzuki, kuma na san kuɗin da aka tara bai kai ko kusa da abin da irin wannan wasa ke ci ba. Duk da haka ina ganin biyayyar da ya yi wa tsofaffin masoyansa ita ta hana shi samun sababbi, kuma rashin sababbin ne ya sa kashi na huɗu ya yi wuya.

Sai dai a cikin wannan labari na Shenmue akwai fushin da nake goyon baya ɗari bisa ɗari. Waɗanda suka zuba kuɗinsu don su buga a kwamfuta sun sa rai ta Steam, kantin sayar da wasanni a intanet, za su karɓa, don haka aka nuna musu. Ana saura 'yan watanni sai aka sanar cewa an ƙulla yarjejeniya da wani kantin, Epic Games Store, can kaɗai zai fara fitowa. Suka tayar da ƙayar baya har sai da aka amince a mayar wa mai so kuɗinsa. Wannan daidai ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. An karɓi kuɗi a kan sharaɗi, an sauya sharaɗin, mai kuɗi yana da bakin magana.

Haka nan abin da ya faru da wasan ƙwallon kamfanin Konami, wanda mu nan ya fi shafa. Wanda ya yi zaman shagon gem a Kano ko Kaduna ko Maraɗi a zamanin PlayStation 2 ya san matsayin Winning Eleven da PES: benci cike da yara, wanda aka ci ya tashi, mai shago na lissafin wasa nawa aka buga, ana addu'ar kada a ɗauke wuta ana tsakiyar bugun fenareti. A ƙarshen Satumban 2021 Konami ta yar da sunan PES ta fito da eFootball 2022. Fuskokin Messi da Ronaldo suka zama abin dariya a duniya, 'yan wasa na gudu hannu a sanƙare, 'yan kallo kamar an zana su a kwali, ƙungiyoyin da za ka iya zaɓa ba su taka kara sun karya ba. Ya zama wasan da ya fi kowanne samun mummunan sakamako a Steam a lokacin, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Waɗanda suka yi wannan ƙorafi sun sauke wasan, sun buga, sun ga aikin ba a gama shi ba. Babu wanda zai ce sun wuce gona da iri.

Akwai hujja guda da masu kare hayaniyar kafin fitowa ke kawowa, kuma tana da ƙarfi. A 2019 an nuna tallan fim ɗin Sonic, jarumin wasannin Sega, aka ga an yi masa haƙora irin na mutum da ƙananan idanu, jama'a suka yi ta ihu, kamfanin ya ɗage fim ɗin wata uku ya sake zana shi, kuma gyaran ya yi kyau. Na yarda. Faɗin cewa abu bai yi maka ba, ko tun a talla ne, ba haramun ba ne, wani lokacin ma yana da amfani. Amma can kamfani ne ya ɗauki abin da wasu suka ƙirƙira ya ɓata shi don neman kasuwa. A wajen Gilbert kuwa, mai abin ne da kansa ya ce ga yadda yake son abinsa. Kuma darasin da mutane da yawa suka ɗauka daga nasarar Sonic mummuna ne: sun fahimci cewa in ihu ya yi yawa ana sauya komai, don haka kowa ya ƙara murya, wanda ya rasa hujja ya ƙara da zagi.

Kamfanonin ma ba wankakku ba ne. Su ke hura wutar ɗokin da gangan, su sanar da wasa shekaru kafin a fara aikinsa gadan-gadan, su buɗe karɓar kuɗi tun babu abin nunawa. Duke Nukem Forever an sanar da shi a 1997, bai fito ba sai 2011, kuma da ya fito kowa ya yi tir. Kamfanin Bethesda ya nuna sunan The Elder Scrolls VI a 2018, tsaunuka da kiɗa na 'yan daƙiƙoƙi, shekaru suka yi ta wucewa shiru. Wanda ya tara jama'a a ƙofar gidansa tun bai ɗora tukunya ba, yana da kaso a hayaniyar da za ta biyo baya. Sai dai masu yanke wannan shawara suna can sama a ofis, zagin kuwa kan mai zane da mai rubuta manhaja yake sauka. A Oktoban 2020 da aka ɗage Cyberpunk 2077 da sati uku kacal, wasu ma'aikatan kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland sun fito sun ce ana aiko musu da barazanar kisa. Wasan ya fito a Disamba a gurguje, cike da matsaloli, har Sony ta cire shi daga kantinta ta mayar wa mutane kuɗinsu. Sauri ya haifi nawa.

Yanzu ga GTA VI. A nan ne maganar ta iso ƙofarmu, don kashin GTA na Vice City na 2002 da na San Andreas na 2004 sun shiga jinin yaran da suka taso a biranenmu, har akwai masu haddace lambobin sirrin samun makami da mota kamar karatu. GTA V ya fito a 2013, an sayar da fiye da kwafi miliyan 200. A Satumban 2022 wani matashi ɗan Ingila ya kutsa cikin kwamfutocin Rockstar, kamfanin da ke haɗa GTA, ya saki bidiyo kusan 90 na aikin da ba a gama ba, nan take wasu suka fara cewa hoton bai yi kyau ba, alhali gini ne da ko filasta ba a yi masa ba. Da tallan gaskiya ya fito a Disamban 2023, an kalle shi sama da sau miliyan 90 a YouTube cikin kwana guda. Aka ce zai fito a ƙarshen 2025, aka ɗaga zuwa 26 ga Mayu 2026, aka sake ɗagawa zuwa 19 ga Nuwamba 2026. Kowace ɗagawa da irin ruwan zagin da ke biyo ta.

Ni ɗagawar ba ta ɓata mini rai. A 2018, gab da fitowar Red Dead Redemption 2, ɗaya daga shugabannin Rockstar na lokacin, Dan Houser, ya ce sun yi makonnin aikin awa 100. Daga baya ya ce shi da 'yan tsirarun marubuta yake nufi, amma maganar ta sa ma'aikata da dama suka fito suka bayyana irin matsin da ake sha a wannan sana'a in ranar fitowa ta matso. Mutane ne masu iyali. In wata shida na ƙari zai sa uba ya riƙa komawa gida kafin 'ya'yansa su yi barci, kuma wasan ya fito a gyare, ban ga abin da na rasa ba.

Abin da nake hange shi ne ranar da zai fito. Za a samu masu cewa wannan ba Vice City ɗin da suka sani ba ce, me ya sa aka sa mace, Lucia, cikin jaruman, ina raha irin ta San Andreas. Wanda ya buga San Andreas yana ɗan shekara 12 yanzu ya haura 30, yana da haya da kuɗin makaranta a wuyansa, kuma babu kamfanin da zai iya sayar masa da yammacin Asabar ɗin da ba shi da wata damuwa sai ta canjin da zai biya mai shago. In wasan ya zo a karye kamar eFootball, ko aka yi alkawarin abu aka karɓi kuɗi aka saɓa, zan kasance cikin masu magana da babbar murya. In kuwa laifinsa kawai bai yi kama da na 2004 ba, ba ni da ƙara. Kuma ba zan biya kuɗin wasan da ban ga an buga ba, shawarar da nake bai wa ƙannena ke nan.

Wani abu kuma da masu zumuɗinmu ba su cika lissafawa ba: PlayStation 5 da Xbox Series kaɗai aka sanar zai fara hawa, ba a ambaci kwamfuta ba, balle waya. Mafi yawanmu a shagon gem za mu fara taɓa shi, in mai shago ya ga zai fitar da kuɗin na'ura da na wasan da na man janareta. Masu shago kuwa sun fi son ƙwallo, don mutum biyu ke biya kuma cikin minti goma an tashi, shi kuwa mai GTA shi kaɗai zai riƙe na'ura awa guda yana yawo a gari.